Iya Ruwa Fid Da Kai: Ziyararmu Ga Jirgin Da Yaƙi Ya Nutsar A Bahar Maliya

Idan aka ce wa ɗan Katsina ko ɗan Maraɗi ya je ya kalli babur, bakin titi zai nufa. Mu kuwa a hutun da ya wuce sai da muka yi tafiyar kusan awa bakwai a mota, muka ƙara fiye da awa uku a jirgin ruwa, sannan muka gangara ƙarƙashin teku, kafin mu ga baburan da muka je gani. Suna can jere a cikin wani jirgin dakon kaya mai suna Thistlegorm, wanda jiragen saman Jamus suka nutsar a Bahar Maliya a shekarar 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Fiye da shekara tamanin ke nan suna jiran masu hawansu.

Mu huɗu ne muka yi tafiyar, dukkanmu ɗaliban kimiyyar halittun ruwa a wata jami'a a ƙasar Masar: ɗan Katsina, ɗan Maraɗi, ɗan Yawuri, sai mai wannan rubutu, ɗan Zariya. Uku daga cikinmu mun sauka Alƙahira ba mu iya iyo ba ko kaɗan. Babban ruwan da muka sani shi ne kududdufin unguwa, shi ma an hana mu zuwa tun muna yara. Ɗan Yawuri ne kawai ya tashi a bakin Kogin Neja, kuma yana iya nutsewa ya daɗe har mutum ya fara salati kafin ya ga kansa ya ɓullo. Duk lokacin da muka shiga ruwa shi ne jagoranmu, shi ne kuma mai yi mana dariya.

Karatunmu ne ya tilasta mana koyon nutso, domin ba a nazarin murjani da kifin teku daga bakin gaɓa. Mun fara a wurin wanka na jami'a, daga baya muka je garin Dahab da ke gaɓar Sina'i muka yi kwas biyu. Shaidar farko ta ba mu izinin sauka har mita 18, ta biyu kuma har mita 30. Shekara guda muka yi muna tara kuɗin wannan tafiya, muna rage na abinci, muna koyar da yaran maƙwabta Turanci da yamma. Iyayenmu mata kuwa, gaskiya ba mu gaya musu ba sai da muka dawo.

Yadda jirgin ya zo ya kwanta a nan

An ƙera Thistlegorm a garin Sunderland na Ingila, aka saka shi a ruwa a shekarar 1940. Tsawonsa ya kai kimanin mita 126, wato ya ɗara filin ƙwallon ƙafa. Ba jirgin yaƙi ba ne, na 'yan kasuwa ne, amma da yake lokacin yaƙi ne sai aka ɗora masa bindigogi biyu a baya don kare kai, aka haɗa shi da sojojin ruwa masu harba su.

A watan Yuni na 1941 ya tashi daga birnin Gilasgo zuwa Iskandariyya ta Masar, ɗauke da kayan sojojin Birtaniya da ke fafatawa da dakarun Jamus da Italiya a hamadar Masar da Libiya. A cikinsa akwai manyan motocin Bedford, irin waɗanda kakanninmu suka sani a hanyoyin ƙasar Hausa, da babura ƙirar BSA da Norton, da ƙananan motoci masu sulke, da bindigogi, da albarusai, da sassan jiragen sama, da takalman roba na shiga laka. A kan doronsa kuma an ɗaure kawunan jirgin ƙasa guda biyu da taragai.

Duk wanda ya buɗe taswira zai ga gajeriyar hanya daga Birtaniya zuwa Masar ita ce ta Bahar Rum. To amma a wancan lokacin jiragen Jamus da Italiya sun hana sakat a can. Dole jirgin ya zagaye nahiyar Afirka gaba ɗaya: ya bi gaɓar yamma ya gangara har Cape Town ya sha gawayi, sannan ya hauro ta gabas ya shigo Bahar Maliya. Saura ƙiris ya kai, sai aka ce wasu jirage sun yi karo a Mashigin Suez, hanya ta toshe. Aka umarce shi ya jefa anga ya jira a wani wuri da ake kira Sha'ab Ali, wanda ake ganin babu abin da zai same shi.

A daren 6 ga Oktoba, 1941, jiragen saman Jamus biyu ƙirar Heinkel suka taso daga tsibirin Kirit suna neman wani babban jirgi mai ɗauke da sojoji. Ba su same shi ba. A hanyar komawa suka hango Thistlegorm a tsaye, aka sakar masa bama-bamai biyu, suka faɗa rumbun kaya na huɗu, inda albarusai suke. Fashewar da ta biyo baya ta yage bayan jirgin, ta cilla kawunan jirgin ƙasan nan biyu cikin teku, ɗaya hagu ɗaya dama. Mutum tara suka mutu: ma'aikatan jirgi huɗu da sojojin ruwa biyar. Wani jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Carlisle ya kwashe waɗanda suka tsira. Bayan kwana biyu aka sake nutsar da wani jirgin dakon gawayi, Rosalie Moller, ba nisa da wurin. Shi yana kwance a zurfin kusan mita 50, wanda ya fi ƙarfin shaidarmu.

Wannan yaƙi ba na nesa ba ne kamar yadda muke ɗauka. A wannan shekarar ta 1941 sojojin Najeriya suna yaƙar Italiyawa a Somaliya da Habasha, kafin daga baya a kai su Boma. Ɗan Katsina ya ce a unguwarsu akwai gidan da har yau ake kira gidan ɗan Boma.

Wanda ya fara nuna wa duniya jirgin bayan yaƙi shi ne Bafaranshen nan Jacques Cousteau, a shekarun 1950, da taimakon masuntan yankin. Shi ne kuma, tare da injiniya Émile Gagnan, ya ƙirƙiro na'urar shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa a 1943, wadda irinta muka goya a bayanmu. Hotunan jirgin sun fito a mujallar National Geographic a 1956, daga nan aka sake mantawa da shi har farkon shekarun 1990. Yanzu yana cikin wuraren nutso mafi shahara a duniya.

Lissafin da ke riƙe da rai

Daga Alƙahira muka hau motar dare, muka ratsa ta ramin Ahmad Hamdi da ke ƙarƙashin Mashigin Suez, muka sauka Sharm al-Shaikh. Washegari tun kafin kiran sallah muna bakin tasha. A kan jirgi muka yi sallar Asuba, muna gyara tsayuwa saboda tangaɗin ruwa. Gari na wayewa muna wuce Ras Muhammad, ƙarshen tsinin Sina'i, duwatsu sun yi ja a damanmu, babu ko bishiya ɗaya a kansu. Aka kawo shayi da gurasa da ful, wato dafaffen waken da Misirawa ke karya kumallo da shi.

Malamin nutsonmu dattijo ne Bamisire, marar yawan magana. Kamar yadda ake kiran duk mai horarwa a Masar, muna ce masa Kabtin. Ya zana jirgin a kan allo, ya nuna inda za mu sauka da inda za mu hau, sannan ya sa muka maimaita lissafin da muka koya a Dahab. Ƙannenmu 'yan babbar sakandare, ku saurara da kyau, domin abin da ke cikin littafinku ne.

A bakin teku iska tana danna jikinmu da wani nauyi wanda muka saba da shi har ba ma jin sa. Duk mita 10 da mutum ya gangara cikin ruwa, sai a ƙara masa kwatankwacin wannan nauyin. A mita 10 matsi ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku, a mita 30 ya ninka huɗu. Dokar Boyle, wadda muka haddace don cin jarrabawa, ta ce idan matsi ya ƙaru iska takan tsuke, idan ya ragu takan kumbura. Daga wannan doka abubuwa biyu suka fito.

Na farko, iska tana saurin ƙarewa a ƙasa. Tukunyar da muke goyawa lita 12 ce, ana dura mata iska har ma'auni ya nuna ba 200, wato lita 2,400 ke nan. A misali, idan mutum yana shaƙar lita 20 a minti ɗaya a sama, za ta kai shi awa biyu. A mita 30 kuwa kowane numfashi yana cin ninki huɗu, don haka cikin rabin awa ta ƙare ƙaf. Idan yana haki saboda tsoro ko gajiya, ko rabin hakan ba za ta kai ba.

Na biyu, ba a riƙe numfashi. Wanda ya cika huhunsa a mita 30, ya rufe baki ya yi sama da gudu, iskar da ke ƙirjinsa za ta nemi ninka huɗu kafin ya fito. Huhu ba balan-balan ba ne, yagewa zai yi.

Akwai kuma na uku, wanda ya shafi naitirojin, iskar da ta kai kashi 78 cikin 100 na abin da muke shaƙa. A ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da tsoka. Idan aka hau a hankali sai ta fita ta huhu ba a sani ba. Idan aka yi gaggawa sai ta yi kumfa a jiki, kamar yadda lemon kwalba ke yi idan an girgiza shi an fasa murfi, kuma wannan kumfa tana iya shanye wa mutum rabin jiki ko ta kashe shi. Shi ya sa a mita 30 kimanin minti 20 kacal ake da shi, shi ya sa kuma ake tsayawa minti uku a mita biyar kafin a fito. Wannan naitirojin ɗin dai, a irin wannan zurfi, takan sa wasu mutane wani irin maye, su ji komai daidai ne alhali ba daidai ba ne.

Kabtin ya ce duk wanda ma'auninsa ya kai 100 ya sanar, kuma kafin ya kai 50 dole kowa yana riƙe da igiyar hawa. Ya haɗa mu biyu-biyu: ɗan Zariya da ɗan Maraɗi, ɗan Katsina da ɗan Yawuri. Ɗan Katsina, wanda ya fi kowa tsoron ruwa a cikinmu, yana ta rubuta lambobin a ɗan allon roba da ke ɗaure a hannunsa. Ɗan Yawuri kuwa yana can yana goge gilashin kyamararsa.

Gangarawa

Mun isa mun tarar da wasu jiragen masu nutso sun riga mu. Babu abin da ke nuna akwai wani abu a ƙasa, ruwa ne shuɗi ko'ina. Wani ma'aikaci ya fara sauka ya ɗaura igiya, ya dawo ya ce ruwa yana ja sosai. Muka sa rigar roba, da ɗamarar dalma, da rigar iska mai riƙe tukunya, da gilashin fuska, da faffaɗan takalmi mai kama da ƙafar agwagwa. Muka yi bisimilla muka faɗa.

Ja kam yana ja. Muna riƙe da igiya jikinmu yana kaɗawa kamar tuta. Muka riƙa gangarawa hannu bayan hannu, duk bayan mita ɗaya ko biyu mu toshe hanci mu hura a hankali don kunne ya buɗe. Babu ƙarar komai sai numfashinmu da kumfar da ke tashi. Jan launi ne ya fara ɓacewa, har jan zaren da ke hannun ɗan Maraɗi ya koma ruwan ƙasa. Can sai wata inuwa ta bayyana a ƙasanmu, ta riƙa girma, har ta zama ƙarfe, da dogayen sanduna, da tarago a zaune a kan doro. Mun sha ganin hotonsa, amma hoto bai gaya mana girmansa ba. Duk inda muka juya, jirgin ne.

Kabtin ya ja mu zuwa baya, inda bam ya faɗa. A nan jirgin ya buɗe kamar gwangwanin da aka fasa da guduma, ƙarafa masu kauri sun lanƙwashe sun naɗe. Ga motoci masu sulke biyu a kife, ga manyan harsasan igwa a warwatse. Gaba kaɗan gindin jirgin ya karkata gefe guda, bindigogin nan biyu suna nan, murjani mai laushi ya lulluɓe su, ƙananan kifaye suna shiga bakinsu suna fita. Muka zagaya ta ƙarƙashi muka ga farfela, kowane reshenta ya fi mutum faɗi. Agogon nutsonmu ya nuna mita 30.

A nan ne ɗan Yawuri ya hango kan jirgin ƙasa. Yana can gefe a kan yashi, nesa kaɗan da jikin jirgin, kuma Kabtin ya riga ya ce ba za mu je ba idan ruwa yana ja. Kafin mu ankara mutumin ya saki layi ya nufe shi da kyamara a gaba. Zuwa ba wuya, domin ruwa ne ke tura shi. Ɗan Katsina ya waiga ya dubi Kabtin, ya waiga ya dubi abokin nutsonsa, sai ya bi shi, tunda ƙa'ida ta ce ba a barin abokin nutso shi kaɗai. Kabtin ya yi mana alama mu biyu mu laɓe a jikin jirgi inda ruwa ba ya ja, ya bi bayansu.

Daga inda muke muna hangen komai, amma babu abin da za mu iya yi. Mun ga ɗan Yawuri ya gama ɗaukar hoto ya juyo, yana bugun ruwa da ƙarfi, jan ruwa yana mayar da shi. Kumfar da ke fita daga bakinsa ta zama kamar ta tafasasshen ruwa. Mun ga ya ɗaga ma'auninsa ya duba, ya sake dubawa. Daga baya ya gaya mana cewa tun da farko ya ga allurar ta wuce 100 bai ji komai ba, har dariya take ba shi. Sai da ta shiga ja, ta sauka ƙasa da 30, sannan hankalinsa ya dawo, tsoro ya zo a lokaci guda. Ya ɗaga kai ya ga haske da cikin jiragen da ke sama, jikinsa ya yi abin da ya saba yi a kogi tun yana ɗan shekara shida: ya cika ƙirji, ya rufe baki, ya buga ƙafa zai yi sama.

Ɗan Katsina ya cafke igiyar rigarsa. Ya jawo shi har gilasan fuskarsu suka kusa haɗuwa, ya miƙa masa bututun shaƙa na biyu, mai launin rawaya, wanda kowane mai nutso yake ɗauke da shi saboda irin wannan rana. Ya riƙa nuna masa bakinsa yana fitar da kumfa a hankali, wato saki numfashi, saki numfashi. Daƙiƙu kaɗan ne, amma mu da ke kallo mun ji kamar an tsayar da agogo. Sai muka ga kumfa ta fito daga bakin ɗan Yawuri. Kabtin ya iso ya mayar da shi kan tasa tukunyar, wadda ta fi sauran iska, ya riƙe shi a kafaɗa, suka lallaɓo ta ƙasa-ƙasa har jikin jirgi. Ya ɗaga mana babban yatsa. A ƙarƙashin ruwa wannan ba ya nufin madalla, yana nufin a hau.

Muka kama igiya muka hau sannu a hankali, ba ma wuce ƙananan kumfarmu. A mita biyar muka tsaya minti uku cif. Ana ganin tsanin jirgi daga nan, hannu kawai za ka miƙa, amma babu wanda ya motsa sai da agogo ya ba da izini.

Da muka fito Kabtin bai ɗaga murya ba. Ya ba shi ruwa ya sha, ya tambaye shi ko yana jin ciwo a ƙirji ko a gaɓɓai, ko wani wuri ya yi masa sanyi ko yana tsira, ya sa aka ajiye tukunyar oksijin kusa da shi. Da ya tabbatar lafiya lau yake, sai ya ce ba zai shiga nutso na biyu ba.

"Ya Kabtin, wallahi na iya ruwa," in ji ɗan Yawuri, murya tana rawa.

Kabtin ya ce ya sani, ai ya gani. Ya ce iya ruwan ne ma ya kusa kai shi, domin a kogi mutum yana nutsewa da iskar da ya ɗebo a sama, idan ya taso babu abin da za ta ƙara. A nan kuwa iskar ƙasa ya shaƙa, ita kuma tana da nata hukunci. Shekara guda abokinmu ya yi yana tara kuɗi don ya ga baburan nan. Ya zauna a inuwa da tawul a ka, bai sake cewa uffan ba.

Cikin rumbunan kaya

Bayan hutun kusan awa biyu don naitirojin ta ragu a jikinmu, muka sake sauka mu uku da Kabtin, wannan karon da tocila. Muka bi ta wata babbar ƙofa a kan doro muka shiga rumbu na biyu, ɗaya bayan ɗaya, muna kaɗa ƙafa a hankali don kada mu tayar da laka ta rufe mana ido.

Duhu ne, sai hasken tocila da wani shuɗin haske da ke zubowa ta sama. Da hasken ya sauka sai launi ya dawo: tsatsa ja, soso ruwan ɗorawa. Ga motocin a jere kamar a tasha, hanci da gindi, an cusa su babu masaka tsinke. A bayan wasunsu an ɗora babura a tsaye, uku-uku. Ƙarfen ya ci tsatsa, amma tayoyin suna nan da zanensu kamar jiya aka fito da su daga kanti, domin ruwan gishiri ba ya cin roba kamar yadda yake cin ƙarfe. Ga tankin mai, ga sirdi, ga wayoyin ƙafa. Wanda ya ɗaura su a Gilasgo ya yi aikinsa da kyau, har yau ba su faɗi ba.

Muka wuce ta kan bindigogin da suka manne da juna suka zama dunƙule guda, da tarin takalman roba. Takalman ne suka fi tsaya mana a rai. Mota da babur kayan gwamnati ne, takalmi kuwa ƙafar wani aka auna. Dubban ƙananan kifaye masu sheƙi kamar gilashi suna buɗe mana hanya suna rufewa a bayanmu, wani kifi mai dogayen ƙayoyi masu dafi, wanda ake kira kifin zaki, yana shawagi a kan kujerar direba. Da muka fito sama muka leƙa ɗakin kyaftin ɗin jirgin, William Ellis, wanda ya tsira a daren. Bahon wankansa yana nan cike da laka.

Mun kuma ga abin da bai yi mana daɗi ba. Motoci da yawa babu sitiyari, babura da yawa an ɓalle musu fitila da tambari. Ba bam ne ya yi wannan ba, baƙi ne irinmu masu son komawa gida da tsaraba. A rufin rumbun kuma kumfar masu nutso ta taru ta zama kamar madubi, kuma wannan iskar tana ƙara wa ƙarfe saurin tsatsa. Igiyoyin da jirage ke ɗaurawa a jikinsa su ma suna fizgar sassansa. Shi ya sa a 2007 ƙungiyar kare muhalli ta HEPCA ta kafa wuraren ɗaure jirage a gefe, ta kuma huda ramuka don iska ta riƙa fita. Duk da haka jirgin yana lalacewa a hankali.

Za mu faɗi gaskiya: mu ma zuciya ta raya mana. A kan hanyar fita ɗan Maraɗi ya ga wani ɗan ƙarfe a cikin laka, wanda zai shige aljihu ba a sani ba, ya nuna mana shi, ya nuna sama. Mun gane nufinsa, yana so ya kai wa wanda aka bari a jirgi. Ɗan Katsina ya girgiza kai. Doka ta hana ɗaukar komai, kuma a wurin da albarusai suke ba ka san abin da kake taɓawa ba. Bayan haka, a nan mutum tara suka rasa rayukansu. Ba a zuwa maƙabarta a dawo da tsaraba. Ma'auninmu ya nuna 70 muka kama igiya.

Hanyar dawowa

La'asar sakaliya muka juyo. Ɗan Yawuri ya karɓi hotunan da muka ɗauka yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan na baburan. Nasa hoton na kan jirgin ƙasa ya fito da kyau ƙwarai, ya fi duk namu, amma ya ce ba zai sa shi a Facebook ba. Can ya matsa kusa da ɗan Katsina ya ce, "Malam, ara mini allon nan naka." Suka zauna suna bin lissafin daga farko, wanda ya iya ruwa yana tambaya, wanda ke tsoron ruwa yana amsawa.

Da duhu ya fara ne ya ba mu labarin gida. Ya ce a wajensu idan aka miƙa wa mutum rigar kariya a kwale-kwale sai ya ji kamar an zage shi, ya ce shi ɗan ruwa ne. Ya ce shi ma haka yake cewa. Kuma duk damina sai an ji labarin kwale-kwalen da ya kife da 'yan kasuwa ko 'yan biki, a cikin waɗanda ake rasawa har da gwanayen iyo. Ya ce idan ya koma hutu, shi zai fara sa rigar a gaban ƙannensa, duk mai dariya ya yi.

Ƙannenmu, ba mu rubuta wannan don mu ce kowa ya zo Bahar Maliya ba. Amma idan kun sami inda ake koyar da iyo a hannun wanda ya san aikinsa, ku koya, maza da mata. Idan za ku hau kwale-kwale ku nemi rigar kariya, ko da kun fi kifi iya ruwa. Idan kuma malamin fiziks ya rubuta dokar Boyle a allo, kada ku ce ina amfaninta. Mu ma mun faɗi haka a aji, sai ga shi ita ce ta sa ɗan Katsina ya san dalilin da zai riƙe rigar abokinsa kada ya saki.

Mun yi alkawarin komawa baɗi idan Allah Ya kai mu, domin ɗayanmu bai ga baburan ba tukuna. Ya riga ya fara tara kuɗi, ya kuma sayi nasa allon. Lambobi biyu ya rubuta a kai da baƙin alƙalami: 100 da 50.